Majalisar Masu Sana'a da Ruwan Shuka

An yi wani sarki a Birnin Marke, a wani zamani mai nisa da ba wanda ya riƙe lissafinsa, sunansa Jibir. Mutum ne mai kunya da tsoron Allah, mai son a ce an yi daidai, sai dai yana da hali guda wanda masu mulki ba su cika gane illarsa ba sai ta cim musu: idan wata dabara ta burge shi, ba ya barinta ta kwana kafin ya rantse a kanta.

Da ya hau gado ya tarar da majalisar gari a hannun unguwanni. Kowace unguwa tana aiko da mutum ɗaya, kuma kullum wanda ya fi kowa faɗin zaure shi ake aikowa, ko da kuwa ba komai a kansa sai rawani. Su zauna tun hantsi har azahar suna musu a kan inda iyakar wani lungu ta tsaya, da wanda kwatarsa ke malala ƙofar gidan wani, a tashi ba a ƙulla komai ba, gobe a dawo a ɗora daga inda aka tsaya. Kai, ni da nake ba ku labarin ma na gaji da su, balle wanda ke zaune yana saurare.

Ran nan Sarki ya kira Wazirinsa. Shi wannan Waziri Talle ake ce masa, dattijo ne siriri mai sanyin murya, masanin shari'a. Ya sami sunan ne domin iyayensa sun rasu a wata shekarar yunwa yana goye, kawunsa marini ya ɗauke shi ya raine shi a bakin karofi, inda rijiyoyin rini suke, tare da ɗansa Cindo. Bai taɓa kwana a wajen ganuwar Marke ba, kuma ba ya fatan ya kwana.

Sarki ya ce, "Ya Waziri, na yi nazari na ga unguwa ba ta san ciwon kanta ba. Maƙeri da mahauci suna iya haɗa katanga shekara da shekaru, ɗaya bai san abin da ke hana ɗaya barci ba. Amma maƙerin ƙofar gabas da maƙerin ƙofar yamma, gawayi ɗaya suke nema, wuta ɗaya ke ƙona su. Me zai hana mu bar zaɓen wakilai ta unguwa, mu koma ta sana'a, kowace sana'a ta aiko da wanda ya san damuwarta?"

Waziri ya juya maganar, ya duba ta gaba ya duba ta baya, bai ga aibunta ba. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, wannan ra'ayi ne na hikima, kuma ban ga wanda zai cutu da shi ba."

Aka yi shela. Bayan kaka, rumbuna sun cika, hankalin kowa ya kwanta, sai duk garin ya fita filin bayan ganuwa inda itatuwa suke. Aka ba kowace sana'a itaciyarta: marina gindin tsamiya, maƙera gindin kuka, masaƙa, majema, magina, mahauta, fatake, wanzamai, makaɗa, malamai, kowa da inuwarsa. Mata masu kaɗi da masu man gyaɗa suka sami tasu, makafi ma ba a manta da su ba. Sharaɗi ɗaya ne kawai, kowane mutum a gindin itaciya ɗaya zai tsaya, sannan ya shiga sahu a bayan wanda yake so ya yi magana da bakinsa. Marina suka yi dogon sahu a bayan Cindo, ya zama Sarkin Marina. Abin ya yi wa Sarki daɗi ƙwarai, har ya miƙe a gaban jama'a ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ya rantse cewa duk abin da bakin wannan majalisa ya haɗu a kansa, shi ba zai warware ba.

Gaskiya kuwa tsarin ya yi albarka. Aka gyara mudun kasuwa, aka hana saran itacen gawayi barkatai, aka kai jima bayan gari inda warinta ba ya damun kowa. Abin da unguwanni suka kasa a shekaru, masu sana'a suka gama shi tsakanin hantsi da azahar, domin mutumin da ya baro aiki yana jiransa ba ya son dogon surutu.

Sai wata bazara ta zo mai tsanani. Rijiyoyi suka ja baya, kududdufai suka ƙafe har ƙasarsu ta tsattsage. Marina suka rufe rabin karofi, majema fatunsu suka bushe kamar katako, magina suka rasa ruwan kwaɓa ƙasa, mahauta suna kora shanu nesa kafin su sha. Wahala ce ta gaske, kada wani ya ce ƙarya suka yi.

To, a kudu da birnin akwai wani kwari mai faɗi, Kwarin Ɗinya, wanda rafi ke malalowa cikinsa duk damina ya shimfiɗa ruwa da laka. Kusan kowane gida a Marke yana da 'yar gonar gado a can, ban da gonakin tudu. A shekarar da ruwan sama ya yi gardama, tudu kan ƙone, amma Kwari ba ya hana dawa. Da rani kuwa ba abin da za ka gani a wurin sai baƙar ƙasa a darare da karan bara.

Cindo ya miƙe a majalisa, ƙaton mutum mai faɗin ƙirji, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu. Ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara, ruwa yana zuwa mana duk shekara, mu kuma muna barinsa ya watse a Kwari, sannan mu zauna muna kuka da rani. Shawarar marina ita ce a sare gaɓar rafi daga sama, a juya shi zuwa manyan tafkuna a bayan karofi, domin ruwan damina ya kai mu har wata daminar. A yi saran washegarin ruwan shuka, lokacin da ƙasa ta yi taushi."

Sarkin Majema ya ce ya yarda. Sarkin Magina ya ce tun da daɗewa ya kamata. Mahauta, maƙera, masaƙa, fatake, kowa ya auna da ma'aunin sana'arsa ya ga riba. Baki ya haɗu, ba wanda ya saɓa.

Waziri Talle yana zaune gefen Sarki. Shi ya san Kwari ne ya ciyar da waɗanda suka tsira a shekarar da ta mai da shi maraya. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ina neman gafara, amma wannan hukunci ba zan iya sa masa albarka ba. Idan aka juya rafin nan, Kwari ya mutu, kuma ranar da tudu ya ƙone ba mu da wurin gudu." Ya juya ga wakilai ya ce, "Ya ku dattawan sana'a, ashe ba kowannenku yana da gona a can ba?"

Cindo ya ce, "Muna da su, Waziri, kuma gonakin tudu suna nan. Amma ni marina ne suka tsaya a bayana, ba gona ce ta aiko ni ba." Sauran suka ce haka ne.

A Marke akwai al'ada tun kaka da kakanni: Wazirin da ya tsaya a gaban ittifaƙin majalisa a bainar jama'a, to, ko dai ya kawo hujja, ko ya kwance rawani ya bar garin, ba ya sake shigowa ko da gawarsa ce. Sarki ya daɗe yana kallon Waziri, domin yana ƙaunarsa ƙwarai. Ya ce, "Ya Waziri, ka san rantsuwata, ka kuma san al'ada. Janye maganarka, mu ɗauka ba mu ji ba."

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya ba."

Sarki ya ce, "To, ƙofa ɗaya ce ta rage, kuma kai ka koya mini ita. Hukuncin da aka yanke alhali wanda abin ya shafa ba a ji bakinsa ba, ba hukunci ba ne a shari'a. Kawo mini mutum ɗaya tak a ƙasata wanda wannan magana ta shafa, wanda ba wakilin da zai ce nasa ne. In ka kawo shi kafin a sare gaɓa, rantsuwata ba ta hau wannan hukunci ba. In ba ka kawo ba, zan raka ka ƙofar gari da kaina, ina kuka."

Waziri ya fito yana ganin abin mai sauƙi ne. Ashe ba haka ba ne, shi da kansa ya taya Sarki toshe duk wata kafa. Ya kawo mai haƙar rijiya, Sarkin Magina ya ce nasa ne. Ya kawo wata tsohuwa mai tsince-tsince a bakin kasuwa, shugabar masu kaɗi ta ce ai Iya da mazarinta ta tsaya a sahunmu. Daga ƙarshe ya je har bakin Kwari ya samo wani dattijo, Bagudu, wanda bukkarsa ke kallon gonakin, ya ce a ransa yau kam an gama. Suna shiga fada Sarkin Masaƙa ya yi dariya ya ce, "Baba Bagudu! Ai wannan shi ya koya mini jefa ƙoshiya." Aka tambayi tsohon mece ce sana'arsa, ya buga ƙirji ya ce saƙa, tun yana yaro. Waziri ya ce, "Noma fa, Baba?" Tsohon ya dube shi da mamaki ya ce, "Waziri, ai sana'a aka tambaye ni. Noma kuma wa ba ya yi?"

Waziri ya koma gida. Iska ta fara juyawa daga kudu, gajimare yana taruwa da yamma yana watsewa, kowa ya san ruwa ya kusa. Ya ce wa iyalinsa su fara ɗaure kaya.

Wata rana da hantsi ya bi ta karofi. Cindo yana tsugune bakin rijiyar rini yana motsa ɗan ruwan da ya rage a ƙasanta. Su biyun taubasai ne, tsakaninsu ba a raba wasa da gaskiya. Cindo ya hango shi ya ce, "A'a, bawana ne da hantsin nan? Ka samo mutumin naka, ko dai aljani za ka kawo wa Sarki?"

Waziri ya ce, "Bawa dai kai ne, mai hannun biri. Aljanin ma in na kawo, cewa za ka yi marini ne."

Suka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Cindo ya ajiye sandar motsi ya ce, "Talle, don Allah ka janye. Tabarma ɗaya muka kwana, akushi ɗaya muka ci. Ina za ka da wannan furfura? Dubi rijiyoyin nan, dubi mutanen can zaune ba aiki. Ni suka sa a gaba. In na koma na ce musu na fasa domin ɗan'uwana, da wane ido zan kalle su?"

Waziri ya ce, "Ban ce ka fasa domina ba. Gonar Kawu fa, da ke bakin gaɓa?"

Cindo ya kau da kai ya ce, "Gona ƙasa ce kawai. Ka je ka gan ta yanzu, ko akuya ba ta tsayawa."

Waziri ya tafi ya gani ɗin. Ya fita ƙofar kudu shi kaɗai, ya gangara Kwari, rana tana dukan ƙasa har sama-sama ido yana ganin kamar ruwa yana rawa a nesa. Baƙin ciki ya cika shi, ba don rawani ba, wallahi rawani bai dame shi ba, sai don tunanin za a binne shi a garin da ba wanda ya san sunan uwarsa. Ya sami inuwar wata ɗinya ya zauna, ya jingina, barcin ƙailula ya sace shi.

Ya ga kansa yana tafiya a Kwarin nan dai, amma rana ta yi laushi kamar hasken fitila a bayan zane, ba zafi ba sanyi. Ba tsuntsu, ba iska. Sai ya ji numfashi. Ya tsaya, numfashin bai tsaya ba, a hankali yake fita yana komawa, daga ƙarƙashin ƙafafunsa, daga gabas, daga yamma, kamar dukan Kwarin ƙirji ne guda. Ya durƙusa ya leƙa ta wata tsaga, sai ya ga ƙasa ta zama garai-garai kamar ruwan randa. A can ƙasa ga mutane kwance sahu-sahu, kowa a naɗe cikin laka yadda kifin gaiwa ke naɗe kansa ya kwana rani a busasshen tafki. Ya ga Sarkin Majema, ya ga Sarkin Magina, ya ga Baba Bagudu, ya ga mata da ƙoƙon iri a kan ciki. Duk fuskokin ya san su, amma sun fi na gari kwanciyar hankali, kuma ba mai ɗauke da alamar sana'arsa.

A bakin gaɓa ya ga Cindo, rungume da sungumi, wato doguwar fartanyar shuka, hannuwansa fes ba ɗigon shuni. Waziri ya miƙa hannu ta tsagar ya taɓa kafaɗarsa ya ce, "Cindo, tashi, ana shari'arka a fada."

Bai buɗe ido ba. Ya ce cikin magagi, "Wa ke shari'ata?"

Waziri ya ce, "Sarkin Marina."

Mai barcin ya yi murmushi ya ce, "Ina jin labarinsa. Ba mu taɓa haɗuwa ba. In ya shigo na fita, in na shigo ya fita. Ka ce masa ya jira ni, lokacina bai yi ba." Ya gyara kwanciya, laka ta rufe shi.

Sai wani abu mai sanyi ya faɗo wa Waziri a goshi. Ya farka firgigit. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska tana kaɗa ganyen ɗinya, ɗigo na biyu ya faɗo a bayan hannunsa. Ya zauna bai motsa ba har ruwan ya kece, ya jiƙe shi sharkaf, ƙamshin ƙasa ya tashi ya cika duniya. Dattijon nan ya kama hanyar gida cikin ruwa yana dariya shi kaɗai, masu gadin ƙofa suka ce baƙin ciki ya taɓa Waziri.

Washegari da sassafe ya isa fada, kansa ba komai sai hula, rawaninsa a naɗe a hannu. Jakunansa suna ƙofar gari da kaya a ɗaure. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, mutumin ya iso jiya da la'asar. Ina roƙo a tara majalisa."

Sarki ya sa aka buga tambari. Aka jira. Aka sake bugawa. Zauren majalisa shiru, sai Sarkin Makafi da limami da wasu fatake. Sarki ya fusata ya ce, "Ina wakilai? Ina maginan da za su sare gaɓa?"

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, in Sarki zai daure ya taka, na san inda suke. A riƙo mana diga guda."

Suka fita ƙofar kudu da dogarai kaɗan. Garin fayau, maƙera ba ƙarar guduma, karofi a rufe da faifai, kasuwa sai kaji. Da suka kai kan gangare Sarki ya tsaya cik. Kwarin da jiya ko akuya ba ta tsayawa, yau ya cika da mutane daga wannan baki zuwa wancan, hazon safiya yana yawo a tsakaninsu. Maza suna tafe suna sara da sungumi, mata suna biye suna jefa iri suna rufewa da diddige, ba mai magana da ƙarfi, sai sautin sara a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Waziri ya wuce gaba har gonar da ke bakin gaɓa. Cindo yana can, riga a cire, laka har gwiwa. Ya ɗaga kai ya ga Sarki, ya saki sungumi ya zube.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ga mutumin."

Sarki ya ce, "Waziri, kada tsufa ya sa ka yi wasa da ni. Wannan Sarkin Marina ne, shi ya kawo maganar."

Waziri ya ce, "A yi mini izini in tambaye shi." Sarki ya ɗaga hannu. Jama'a sun fara ajiye aiki suna matsowa. Waziri ya ce, "Ya Sarkin Marina, ranar zaɓe a gindin wace itaciya ka tsaya?"

Cindo ya ce, "Tsamiya, ta marina."

"Mai wannan gona fa, wanda ya fito tun asuba bai karya ba, ya ji tambarin Sarki bai ko waiwaya ba, shi a gindin wace itaciya ya tsaya?"

Cindo ya dubi sunguminsa da ke ƙasa. Waziri ya karɓi diga daga hannun dogari, ya miƙa masa da hannu biyu ya ce, "Yau ce ranar da ka sa da bakinka. Ga gaɓa nan, taku kaɗan. In mai gonar nan ya yarda da abin da marini ya yanke, ya yi saran farko, ni kuma jakunana suna ƙofa."

Ya kai mai karatu, kada ka ɗauka Waziri ya tabbata da abin da zai faru. Mafarki mafarki ne, Cindo kuwa mutum ne mai girman kai, ga marina tsaye suna kallonsa. Ya karɓi digar. Ya hau gaɓa. Rafi ya kawo jan ruwa yana ta malala ta ƙasa cikin gonaki, yana bin ramukan da ya sara da safen nan ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga diga sama. Waziri ya runtse ido.

Bai ji sara ba. Da ya buɗe ido, Cindo yana tsaye da diga a sama, yana duban marina. Su kuwa kowa da sungumi a kafaɗa, ba wanda ya ce masa sara. Wani daga cikinsu ma, wanda ya fi kowa zafi a kan maganar tafkuna, shi ya ce a hankali, "Sarkin Marina, gonata ce ta biyu da za ta bushe in ruwan ya juya."

Cindo ya sauke digar, ya sauko, ya durƙusa a gaban Sarki Jibir, hawaye yana bin gemunsa. Ya ce, "Allah ya ba Sarki nasara, mai gonar nan bai tsaya a gindin kowace itaciya ba. Ran zaɓe rumbunsa a cike yake, bai ga abin da zai fito da shi ba. Ba a tambaye shi ba, kuma bai yarda ba."

Sarki ya juya ga sauran wakilai, ya kira su ɗaya-ɗaya da sarautunsu, kowa ya fito daga gonarsa da laka a ƙafa, kowa ya faɗi abin da Cindo ya faɗa.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, kuskuren nawa ne da na Sarki tare. Mun ce kowa ya tsaya a inuwa ɗaya, alhali kowane mutumin Marke mutum biyu ne, na rani da na damina. Muka yi zaɓe da rani, muka zauna da rani, sai na rani ya yanke wa na damina hukunci yana barci. Marina ba su yi ƙarya ba, ƙishinsu gaskiya ne. Sai dai abokin shari'arsu bai halarta ba."

Sarki ya ɗaga murya ya ce, "Ku shaida, rantsuwata tana nan, amma ba ta hau wannan hukunci ba, domin rabin bakin gari ne ya faɗe shi. Zaɓe ta sana'a ya zauna, ba mu fasa ba. Amma daga yau duk maganar da ta taɓa ƙasa ko ruwa, sai an faɗe ta sau biyu: sau ɗaya a zaure da rani, sau ɗaya a nan bakin gaɓa bayan ruwan shuka, kowane wakili da sunguminsa a hannu. Abin da ya tsira a zama biyun, shi ne doka. Maganar ƙishin karofi kuwa, da ita za mu fara, a nemo mata hanyar da mai gona zai yarda."

Sannan ya karɓi rawanin daga hannun Waziri, ya warware shi, ya naɗa masa da hannunsa a tsakiyar gona, abin da ba a taɓa ganin wani sarkin Marke ya yi ba. Ya cire alkyabbarsa ya yafa masa, ya ce, "Ya Waziri, an hore maka gidanka da garinka, kai da zuriyarka, kuma ranar da Allah ya yi kiranka, a cikin ganuwar nan za ka kwanta, kusa da iyayenka. A je ƙofa a sauke kayan nan."

Waziri ya so ya yi godiya irin ta masu ilimi, amma hawaye ya riga shi. Ya tsaya kawai yana kuka kamar yaro, Cindo ya riƙe shi yana shafa masa laka a sabuwar alkyabba, yana cewa, "Haba bawana, a gaban Sarki?"

Wannan shi ne abin da ya faru a Birnin Marke. Wanda Allah ya ɗora wa jama'a, ya sani adalci bai cika don bakin waɗanda suka halarta ya haɗu ba, sai an nemo wanda ba ya nan an ji nasa, ko da kuwa shi da mai ƙararsa riga ɗaya suke sawa.